Sanda da Yatsu Huɗu

Kafin mai shago ya gama cewa "Baba, a hankali," Mai Tirela, tsohon direban manyan motoci, ya riga ya ɗora ƙafarsa mai lafiya a kan matakin injin yankan ciyawa irin na hawa. Ya kama sitiyari da hannun dama, ya sa na hagu ya ciccibo ɗaya ƙafar kamar kayan wani da aka ba shi ajiya, ya zauna. Kujerar ta lotsa, ta dawo. Ya murza sitiyarin hagu, ya murza dama, tayoyin gaba suka yi ƙiiƙii a kan simintin shagon. Rabonsa da riƙe sitiyari tun ranar da likitan ido ya rubuta abin da ya rubuta, ofishin lasisi kuma suka ce masa ya je ya huta haka nan.

"Wannan," in ji shi.

"Baba, ko kallon sauran ba ka yi ba," in ji Auta.

Auta ce ƙaramar 'yarsa, ita kaɗai kuma ta rage a garin, sauran sai dai a ji muryarsu a waya. Daga aikin kwana a asibiti ta fito, ko gida ba ta biya ba, farin takalmin aiki na nan a ƙafarta. Ta jingina da wani injin ban ruwa, jaka a kafaɗa, idanunta jawur kamar an watsa musu barkono.

Mai shago mutum ne mai tumbi da tattausar murya, irin waɗanda tun kana bakin ƙofa sun gama auna aljihunka. Ya matso yana murza hannu.

"Filin naka, Baba, yaya girmansa?"

"Tirela biyu za su kwana a ciki, gefe da gefe. Har a samu inda yaron mota zai shimfiɗa tabarma."

Mai shago ya ɗaga ido sama ya yi lissafinsa, ya ga fili ne da bai kai a saya masa injin hawa ba. To amma ba wanda ya buɗe shago don ya hana mutum sayen babba. Ya ce, "Kai, fili dai fili. A kwance yake ko da gangara?"

"Akwai 'yar gangara wajen katanga. Wanda ya sauko daga kan dutse da lodin siminti, birki na hayaƙi, ba ita za ta ba shi tsoro ba."

"Bishiyoyi fa?"

"Lemo ɗaya, na uwar yaran nan. Duk wanda ya taɓa shi, ni da shi ne."

Maganar filin nan ce ta fito da su, amma su biyun sun san ba ciyawa ake zance ba. Lokacin da marigayiya matarsa ke da rai, bayan gidan nan kamar an share shi da harshe yake. Bayan ta rasu ya ci gaba da yi da wani tsohon inji na turawa mai igiya, har ranar da ya ja igiyar kafaɗarsa ta amsa, injin bai amsa ba. Auta ta riƙa turo masa masu yankan ciyawa, yana korarsu. Wannan ya sare reshen lemo, wancan ya yi fitsari a jikin katanga, wani kuma laifinsa kawai ya ce masa "tsoho, koma inuwa." Ruwa ya sauka, ciyawa ta kai gwiwa. A makon da ya wuce maƙwabci ya kashe maciji a bakin ƙofar kicin, a daidai inda Mai Tirela ke ajiye silifas ɗinsa.

Ranar Auta ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Ta ce ko dai filin ya gyaru ya kuma zauna a gyare, ko ya tattara ya koma wajenta, akwai ɗaki a ƙasan benensu. Ya ce shi da hannunsa zai gyara, a ba shi inji kawai. Ta ce to. Yau aka zo sayen injin. Idan ya iya, ya zauna a gidansa. Idan ya kasa, a rufe gidan da ya gina da kuɗin hanya, bulo bayan bulo, ya koma ɗakin da za a riƙa leƙo shi ana tambaya ko ya sha magani.

"Bari dai in nuna maka sauran, don kada 'yarka ta ce na yi maka wayo," in ji mai shago.

Saukowa ta fi hawa wuya. Auta ta miƙo hannu, ya yi kamar bai gani ba, ya karɓi sandarsa kawai. Sandar ma ba sonta yake ba. Ta ƙarfe ce, mai roba a gindi, asibiti suka ba shi, kullum yana riƙe ta kamar an ce ya riƙe wa wani.

Suka bi layin injuna. Shagon na warin sabuwar roba da man inji, fanka na juyawa a sama ba ta kawo iska. Mai shago ya dafa wani ƙarami kore.

"Wannan na lantarki ne. Ka jona waya a bango, shi ke nan. Ba mai, ba hayaƙi."

"In an ɗauke wuta fa? Kuma in yi ta yawo da igiya a bayana kamar akuyar da aka ɗaure? Wuce."

"Wannan na batir ne. Ko ƙara ba ya yi."

"Injin da ba ya magana ban yarda da shi ba. Ta ina zan san abin da ke damunsa?"

Mai shago ya yi dariya irin ta ciniki, wadda ba ta wuce haƙora. Ya tsaya a gaban wani ja mai dogon mariƙi. "To ga wanda ni zan saya wa babana. Na fetur ne, amma ba igiya, maɓalli za ka danna. Ba tura shi ake yi ba, shi ke jan kansa. Ka matse wannan ƙarfen a jikin mariƙi, ya tafi, kai dai binsa za ka yi. Ka saki, ya tsaya cak. Mai ciwon gwiwa ma ya samu abin dafawa."

Da bai faɗi maganar ƙarshe ba, wataƙila da an duba. Mai Tirela ya kalli injin sama da ƙasa.

"Keken koyon tafiya ke nan. Irinsa na yi wa wannan da katako tana rarrafe." Ya nuna Auta da haɓa. "Ni na gama bin bayan mota tun ina yaron mota, ina gudu da katakon tare taya a kafaɗa. Da na hau gaba ban sake komawa baya ba. Mu koma wajen mai sitiyari."

Suka koma. Ya sake zagaya shi, ya bubbuga taya da sanda, ya leƙa inda ake zuba mai, ya tambayi giya nawa ne da shi, yana da ribas? Yana da shi. Fuskarsa ta saki, har wani ɗan kwarjini na dā ya dawo mata.

"Baba," in ji Auta, "lungun fa?"

Gidan nasa gabansa siminti ne. Duk abin da zai je filin baya sai ya bi ta wani lungu tsakanin bangon kicin da katangar maƙwabci. Ba wata hanya, sai dai ta cikin falo.

"Lungun me?"

"Zai wuce?"

"Har da canji."

"Maigidana na gida yau. In kira shi ya je da abin awo, ba zai daɗe ba."

Mai Tirela ya juya ga mai shago, kamar shi ne alƙali. "Ka ji fa. Ni za a auna wa hanya. Malam, akwai wata gada ta ƙarfe da na yi shekaru ina bi, tsakanin madubina da ƙarfenta takarda ba za ta wuce ba. Direbobi sauka suke yi su cire madubi. Ni ko giya ba na ragewa. Ido ne ma'aunina, kuma bai taɓa cin amanata ba. Yanzu surukina, wanda ke ajiye ƙaramar mota a wurin mota biyu, shi zai zo ya auna mini lungun da na gina?"

Ya jira ta tanka. Auta ba ta taɓa barin gardama a zagaye na farko ba, tun tana ƙarama, halin uwarta ta ɗauko. Ya shirya amsa ta biyu da ta uku. Sai ta gyara jakarta kawai ta ce, "To, Baba. Yadda ka ce."

Ya bi ta da kallo. Ya yi shekaru yana mu'amala da 'yan kamasho da masu shingen hanya, ya san duk wanda ya yarda da maganarka da wuri, akwai abin da ya sani wanda ba ka sani ba.

"Abu ɗaya dai, Baba," in ji mai shago, "don kada gobe a ce ban faɗa ba. Da zarar an zuba masa mai, wuƙarsa ta taɓa ciyawa, ya zama naka har abada. Ba mu karɓa."

"Wa ya ce maka za a dawo da shi?"

Auta ta bi mai shago zuwa kanta don a gama takardu. Mai Tirela ya waiga ya ga sun ba shi baya. Ya sunkuya kamar mai duba wuƙar, ya kwantar da sandarsa a kan kaskon da wuƙar ke ciki, wanda shi ne wuri mafi faɗi a jikin injin. Sandar ta ƙare, kaskon bai ƙare ba. Ya jera yatsunsa a kan ragowar. Sanda da yatsu huɗu. Ya miƙe da ƙyar, ya yi tari, ya ce wa iska wuƙar tana da kyau.

A hanyar gida Auta ke tuƙi, motar kayan shagon na biye da su da injin a ɗaure a bayanta. Zama a kujerar fasinja shi ne abin da bai saba da shi ba har yau. Ƙafarsa ta dama na ta taka birkin da babu. Da can yakan yi ta magana, ki sa sigina, ki bar masa hanya, wannan mahaukaci ne. Yau injin kawai yake kallo a madubin gefe, ƙaton abu na rawa a cikin hazon da idonsa ke sa wa komai.

A wata mahaɗa danja ta tsayar da su. Danjar ta ba da hannu, motocin gaba suka tafi, tasu ba ta motsa ba. Na baya suka dinga danna hon. Ya juya ya ga kan Auta ya sunkuya, hannunta biyu a kan sitiyari, bakinta a ɗan buɗe.

"Auta."

Ta zabura, ta ja motar da ƙarfi. "Ba barci nake ba."

"Na sani. Tunani kike."

Ya san irin wannan tunanin. Ya ga inda yake kai direbobi, ya sha tsayawa a gefen hanya ya taya fito da su. Ya buɗe baki zai ce ta tsaya ta wanke fuska, sai ya tuna wanda ya hana ta zuwa gida ta kwanta, ya rufe bakinsa.

Da suka isa, mai motar kaya ya shigo da baya har tsakar simintin gaba. Wani siriri ne mai tsinken sakace a baki, da ganinsa ka san akwai wasu gidajen da ke jiransa. Ya diro ya fara kwance igiyoyi, ya jawo katakai biyu zai jingina a saukar da injin.

"Dakata," in ji Mai Tirela. "Bari in kawar da tarkace a hanya."

"Ka yi sauri, Baba, rana na yi."

Ya nufi lungun shi kaɗai. Ya tsaya a bakinsa ya dube shi yadda ya saba duban gada, ido ɗaya a ɗan kanne. Bango a hagu, katanga a dama, haske a can ƙarshe inda ciyawa ke kaɗawa. Idonsa ya ce masa zai wuce, har mutum ya raɓa ta gefe. Ya ji daɗi. Ya kusa juyawa ya ce a sauke.

Sai dai ya ɗaga sandar ya riƙe ta a gicciye a gaban cikinsa, ya fara takawa yana dafa bango da kafaɗa. Da farko ta tafi lafiya, da sarari a kowane gefe, ko da yake ba yawan da ya zata ba. Ya wuce tagar kicin. Ya zo inda bututun ruwa ya sauko daga tanki, wanda shi da kansa ya sa aka yi masa rigar siminti don kada yara su fasa shi. Kan sandar ya daki simintin, gindinta ya daki katanga. Ta tsaya.

Ya ja baya ya sake gwadawa. Ta sake tsayawa. Ya ɗan karkata ta, ta wuce, ya tsaya yana kallonta a karkace, ya ji kunyar kansa, don inji ba ya karkacewa. Sandar kaɗai ba ta wuce ba, balle a zo maganar yatsu huɗu.

Ya daɗe a wurin. Lungun na da sanyi, yana warin gansakuka. Ya sake kanne ido ya dubi tsakanin bututun da katangar, idon ya sake ce masa akwai hanya, ba ko kunya. Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Da duhu idon ya nuna masa, da ya san makanta ce ta zo. Amma ya nuna masa hanya sarai, da irin tabbacin da yake nuna masa a kan gadar nan, alhali babu ita. Ya tuna ranar ƙarshe da ya tuƙa ƙaramar motarsa, da ya goge ƙofar gida, ya rantse wa kowa iska ce ta turo ƙyauren.

Dabaru suka riƙa zuwa masa, don bai taɓa rasa dabara ba. A fasa rigar simintin, a kauce da bututun. To ko an yi, yatsu huɗun fa? Katanga ta maƙwabci ce, bango na kicin ne. Ko kuma ya yi shiru, a zuba mai, ya hau, ya tuƙa shi daga bakin ƙofa zuwa nan, ko da taku goma ne ya ji sitiyari na rawa a hannunsa, in ya maƙale ya ce masu ƙera injin ne ba su da hankali. Wannan ta fi daɗe masa a rai. Har ya ji ƙarar injin a ƙirjinsa.

Ya sauke sandar ya dogara ta, wannan karon da nauyinsa duka, ya fito.

Mai motar kaya ya riga ya jingina katakai, yana sama yana riƙe da sitiyarin. Auta na tsaye da galan ɗin fetur a hannu.

"Kada ka sauke," in ji Mai Tirela.

"Kamar yaya?"

"Ba zai wuce ba. Mayar da shi. Ka ce wa maigidanka ya ba ka jan nan mai jan kansa."

Mai motar ya zare tsinken daga bakinsa. "Haba Baba! Ba ku auna ba kafin ku sa ni wannan tafiyar? Ka san cunkoson da na ratso kuwa?"

"Na sani. Na kuma ga yadda ka ɗaure shi, ɗaurin wanda ya san aiki ne. Ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Ni ma na sha kai kaya a ce in mayar, na san zafin. In ka dawo akwai ruwan sanyi da ɗan kuɗin mai."

Ba direban da ba ya son a yabi ɗaurinsa. Mutumin ya yi ƙunƙuni, ya mayar da tsinkensa, ya fara jan igiya. Auta ta kira shagon ta yi magana a taƙaice. Motar ta fita, babban injin na rangaji a bayanta, Mai Tirela bai bi shi da kallo ba.

Suka rage su biyu a tsakar siminti, galan a tsakaninsu.

"Kin sani," in ji shi.

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka kawo maka firij. Ta lungun aka so bi da shi zuwa ƙofar kicin, ya ƙi, sai ta falo aka shiga. Kai ka ce masu ɗaukar ne ragwaye."

"Shi ne kika bar ni in saya."

"Na faɗa maka sau ɗaya."

"Ke da ba ki taɓa faɗar magana sau ɗaya ba."

Ta ajiye jakarta a kan bonet, ta murza idanunta da bayan hannu. "Na gaji, Baba. Na ce bari ya maƙale a lungun kowa ya gani, kai ma ka gani, a huta. Ba kyau, na sani. Amma in na fito aiki sai na biyo nan in ga ko ka tashi. In waya ta yi ƙara ina tsakiyar aiki, gabana sai ya faɗi. Yarana sun fara ce mini baƙuwa." Ta yi 'yar dariya marar daɗi. "Ta yaya ka gane? Ai ka ce har da canji."

Ya ɗaga sandar kaɗan. "Wannan ce ta faɗa mini. Idon ƙarya yake yi."

Bai taɓa faɗa ba, ko a gaban likita. Ya zaci za ta kama maganar ta yi masa bulala da ita, don dama ce ta samu. Ba ta yi ba. Ta ɗauki galan ɗin ta kai inuwa.

Rana ta karkata kafin motar ta dawo. Jan injin ya bi lungun ba tare da ya taɓa ko'ina ba, Auta na tura shi, shi yana biye. Suka fito filin. Ciyawa ta rufe komai, ta haɗiye turmin wanki, ta kai wa lemon marigayiya har ƙugu. Mai Tirela ya sa aka ɗaga tayoyin zuwa matakin ƙarshe, don ya san ba a shiga dogon abu da wuƙa a ƙasa. Ya zuba mai da kansa, rabi a tanki, kaɗan a takalminsa. Ya rataye sandar a jikin mariƙi.

"Ki matsa. In akwai wani abu a ciki, ƙara za ta kore shi."

Ta koma ta zauna a dokin ƙofar kicin. Ya danna maɓalli. Injin ya tashi da bugu ɗaya, muryarsa ba laifi, ƙaramar murya ce amma ta gaskiya. Ya matse ƙarfen. Abin ya fizge shi gaba, saura kaɗan ya kifa, ya riƙe gam ya bi shi. Ciyawa ta shaƙe injin, ya yi tari zai mutu. Ya danna mariƙi ƙasa, gaban ya ɗaga, injin ya numfasa, ya sake sauke shi a hankali. Hannu bai manta ba. Haka suka yi ta yi, a ci kaɗan, a ja baya, a sake shiga, har suka kai katanga.

Ƙamshin ɗanyar ciyawa ya tashi ya gauraya da hayaƙi. Ga shi dai a bayan mota, yana haki, kamar ranar da ya fara. Abin haushin kuma, mai tumbin nan bai yi ƙarya ba, mariƙin na ɗauke wa gwiwa rabin nauyi. Ya juya da ƙyar ya yi layi na biyu, ya yi na uku. Gwiwar ta fara ci kamar an zuba mata garwashi, rigarsa ta manne a baya. Ya zagaye lemon daga nesa, ya bar masa ciyawarsa, gara a cire da hannu.

A ƙarshen layin ya tsaya ya waiga. Yana tafiya ya rantse a miƙe yake yanka. Layukan sun karkace kamar sawun mashayi, da tsibiran ciyawa a tsakani. Amma ƙasa ta fito, ana ganinta. Daga ƙofar kicin zuwa katanga mutum zai taka ya ga inda yake sa ƙafa. Abin da ya rage ya fi abin da aka yi yawa nesa ba kusa ba, sai dai zai yiwu. Yau kaɗan, gobe kaɗan. In ya gama kuma na farkon ya sake tsirowa, a sake. Zai iya. Ya cika sharaɗi, gidansa ya tsira.

Ya juya don ya ga ko ta gani.

Auta ta jingina kai da jikin ƙofa, ta yi barci a cikin wannan ƙarar duka. Wayarta na hannunta a kan cinya, yatsunta a sake. Takalmi ɗaya ya fita, ƙafar ta kumbura har sawun igiyar takalmin ya kwanta a kanta. A daidai nan aka kashe macijin. Ya ga furfura a gefen kanta inda ɗankwali ya zame. Ya zaci idon ne ke masa ƙarya kuma, ya matso da injin kusa ya duba. Furfura ce.

Ya saki ƙarfen, ya kashe injin. Shirun ne ya tashe ta.

"Ka gama?" Ta fara laluben takalminta.

"Na fara dai."

Ta dubi filin, ta dubi layukan. Ba ta ce sun karkace ba. "Ka iya, Baba," in ji ta, da muryar wanda aka ƙara wa kaya ya ce ba komai. "Shi ke nan. Magana ta ƙare. Gobe in na fito aiki zan biyo da wani galan ɗin."

Ya ciro sandar daga mariƙi, ya tako ya zauna kusa da ita a dokin ƙofar, ya miƙe ƙafar da hannu biyu. Suka zuba wa lemon ido.

"Ɗakin nan naku na ƙasa," in ji shi. "Tagarsa ina take kallo?"

Ta juyo ta dube shi, ya ƙi dubanta.

"Ai matsalarsa ke nan," ta ce a hankali. "Babban titi take kallo. Manyan motoci ne wuni guda, ga ƙara, ga ƙura. Shi ya sa yara suka ƙi shi. Na ce in za ka zo sai an sa labule mai kauri, a toshe..."

"Bari in gama filin uwarki tukuna. Ba zan bar shi haka ba, ko wa zai shiga gidan." Ya kakkaɓe ciyawa daga wandonsa. "Tashi ki shiga ciki ki kwanta, ba za ki tuƙa mota da wannan idon ba."

Ta miƙe da takalmi ɗaya a hannu. Har ta sa ƙafa a kicin ya sake magana, yana kallon jan injin.

"Labulen nan kuma, kada ki saya."